Akwatin da Bai Cika Ba

Na Allah ne mu, kuma duk nisan da mutum ya yi a yawo can zai koma. Surukina ya koma ranar wata Talata da hantsi, cikin shekarar 2011, a ɗakinsa na unguwar Karantina da ke kudancin Jidda. Ya bar 'ya ɗaya, wadda nake aure, da jikoki uku, da akwatunan faifan garmaho arba'in da ɗaya. Ba zan rubuta sunansa ba. Shekara ashirin da biyu ina zaune da 'yarsa ban taɓa kama sunan nan da bakina ba, ba kuwa don ƙasa ta rufe masa ido zan fara rashin kunya ba. Baba nake ce masa.

Muna dawowa daga maƙabarta aka shimfiɗa tabarmi a lungu. Tsofaffin abokan aikinsa na tashar jiragen ruwa suka zo, duk kafaɗunsu sun karkace saboda dakon shekaru. Ɗaya ya ce lokacin da bayansa ya riƙe, Baba ne ya yi wata guda yana ɗaukar masa rabonsa na buhu ba tare da shugaban leburori ya sani ba. Wani ya ce bai taɓa jin ya zagi ɗan kowa ba. Aka shafa fatiha. Daga nan wani dattijo mutumin Cadi ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Malam, kayan nan fa? Suna nan a ɗakin?"

Na ce suna nan.

Ya girgiza kai. "Mutumin kirki ne, wallahi. Sai dai wannan abu ɗaya. Allah ya yafe masa."

Wannan "Allah ya yafe masa" na ji ta ya fi a ƙirga a ranar, kuma duk mai faɗa sai ya waiga wajen ƙofar ɗakin. Da la'asar Gwaggo, yayar Baba, ta aiko a kira ni bakin labule. Tsohuwa ce tukuf, muryarta na rawa amma maganarta ba ta rawa.

"Kai ne namiji a gidan nan yanzu. A fitar mini da kayan kiɗan nan kafin sadakar uku. Ƙanena ba zai kwanta a kabari ana tuhumarsa da busa ba. Ka ji ni?"

"Na ji, Gwaggo."

Na ji kuwa, har raina ya so. Gara in faɗa tun yanzu, kada wani ya faɗa mini: ni matsoraci ne. Umra ta kawo ni garin nan a 1987, na maƙale, na yi shekaru ba ni da takardar zama. Ko mota ce ta taka birki a bayana sai in fara neman hanyar gudu. Daga baya na samu kafili, wani Balarabe da nake tuƙa wa mota, ya yi mini iƙama, wato takardar zama. To amma iƙamar direba ba ta ɗaukar iyali. Matata a nan aka haife ta, yaranmu uku ma haka, kuma abin da suka mallaka a duniya na shaidar hakan shi ne takardun haihuwa na asibiti, guda huɗu. Duk lokacin da aka ce za a gyara wa haifaffun gari zamansu, takardar nan ake fara tambaya. In ta ɓace, mutum ya zama ba kowa ba. Ranar da masu kame suka tare shi sai tarhil, gidan da ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu, daga nan sai jirgi, a sauke shi a garin da bai san ko lungu ɗaya ba. Autarmu ko Hausar ma ji kawai take yi, da Larabci take amsawa.

Takardun suna wurin Baba. Iyakar abin da na sani ke nan. A zatona suna cikin adakarsa ta ƙarƙashin gado, inda kowane mai hankali ke ajiye irin waɗannan abubuwa. Ban taɓa tambaya ba. Wa ke tambayar surukinsa inda yake ajiya?

Baba mutumin Damagaram ne, da ƙafa suka zo da iyayensa yana yaro, ta Cadi da Sudan. Labarin yadda ya fara tara faifai daga bakin matata na ji shi, don Baba ba ya hira da ni kai tsaye. A wajajen 1976, lokacin da jirage ke yin layi a teku suna jiran sauke kaya, wani baƙar fata ma'aikacin jirgi ɗan Amurka ya ɗanɗana kilishin da Baba ya zo da shi, ya rasa abin da zai ba shi, sai ya miƙa masa akwatin kwali mai faifai huɗu a ciki. Baba ko garmaho ba shi da shi. Amma da ya dubi hoton mai busa ƙahon da ke jikin kwalin, sai ya ce wallahi kawunsa ne na Damagaram, har kumatun. Ya yi wata uku yana kallon hoton kafin ya samu na'urar da zai ji muryar mutumin.

Jaz ake ce wa kiɗan. Baba kan ce, "Waɗannan 'yan'uwanmu ne da jirgi ya kwashe. Sun manta Hausa, sai suke yi da ƙaho."

Ni dai ban ji Hausa a ciki ba. Na ji wani abu kamar ana yanka akuya a cikin gwangwani, na kuma faɗa wa matata haka. Ta ce in yi a hankali bango na da kunne.

Da na samu motar kafili a hannuna, sai kai shi haraj ya zama aikina. Haraj ita ce kasuwar gwanjo ta kudancin gari, inda kayan duk wanda ya bar ƙasar ke ƙarewa. Injiniyoyin Turawa in kwangilarsu ta ƙare sai su tattara komai su sayar wa dillalai a dunƙule, da kujera da tukunya da faifai, dillalan kuwa nauyin akwatunan kawai suke gani. Ranar Alhamis da yamma sai in ji Baba daga ɗakinsa yana ce wa 'yarsa, ina zaune ina ji, "Gaya wa mutumin nan gobe akwai haraj." Ita kuma ta juyo ta gaya mini, ni kuma in ce mata ta ce masa to. A mota baya yake zama. A kasuwa ina bin sa da tazarar taku goma, kamar wanda bai san shi ba.

Daga wannan tazara na koyi duk abin da na sani, ba da son raina ba. Faifai ɗaiɗai ba ya taɓa su, ya ce ranar Jidda ta gama da su, sun lanƙwashe kamar gurasa. Na akwati kawai yake nema, don kwalin na kare su. In ya ɗauki akwati, hanci yake fara kai wa. In ya ji warin danshi sai ya ajiye, ko buɗewa ba zai yi ba. In ya tsira daga hanci sai ya buɗe ya ƙirga, ya duba adadin da aka rubuta a jikin kwalin, ya sake ƙirgawa. Sannan ya zare faifan ɗaya bayan ɗaya, ya riƙe shi da tafukan hannu a saitin idonsa, ya juya shi a hankali yana duban ko ya karkace. Daga ƙarshe ya nemi ɗan littafin da ke zuwa a ciki mai hotuna. Turanci ba ya karantawa, amma akwati ba littafi a wurinsa maraya ne.

Duk wannan bincike yana yin sa ne kamar mai ɓata lokaci, fuska a yamutse, bayan ya riga ya taya wani abu daban. Dokarsa ke nan ta farko, kuma a mota yake faɗa wa gilashin taga, ba ni ba.

"Abin da kake so kada ka kalle shi. Dillali ido yake karantawa. Taya buta."

Buta kuwa yake tayawa, butar shayi ta ƙarfe. Ya ɗaga ta, ya ƙwanƙwasa gindinta, ya kushe marfin, su yi ta ja da mai kaya har gumi ya keto musu. Sai can ya nuna akwatin da ƙafa ya ce, wannan tarkacen fa, a haɗa masa gyara. Wani lokaci dabarar kan kama shi, dole ya sayi butar. Ranar da ya rasu akwai butoci goma sha ɗaya a gidan, babu wadda ba ta yoyo sai biyu.

Doka ta biyu ita ce tafiya. In ciniki ya cije sai ya juya baya ya kama hanya, a hankali, ba waige. "Mai kaya ne zai kira. In ka waiga, kai ka kira." Ta uku kuwa ya fi nanata ta: "Akwatin da bai cika ba, ko kyauta kada ka karɓa. Wanda ya san kaya ba ya sayen naƙis."

Shi ya sa abin ya tsaya mini a rai ranar da na gan shi ya karya dokarsa. Wani koren akwati ne, an rubuta shida a jikinsa. Daga inda nake tsaye na ƙirga tare da shi, biyar ne. Ya sake ƙirgawa, biyar. Ya yi ɗan murmushi, ya saya. Na ce a raina tsufa ya fara taɓa dattijon nan.

Ajiyarsa ma abin kallo ce. Akwatunan a tsaye suke, ba ya kwantar da su, a kan bulo huɗu da katako saboda ruwan da kan malalo cikin ɗakunan Karantina, nesa da taga, an lulluɓe su da tsohon zanen gado. Cikin kowane akwati akwai kanumfari uku saboda ƙwari, duk shekara bayan babbar salla yake canza su. Ɗakinsa ƙamshin kanumfari yake yi, rigarsa ma haka. Ba mai taɓa wurin. Ɓarayi sun taɓa shiga suka fasa adaka, suka zazzage katifa, amma ba su ko ɗaga zanen ba. Maƙwabta kuwa in sun shigo gaisuwa gefe suke zama, kamar kayan za su shafa musu najasa.

Bayan la'asar yake saurare. Ya rufe ƙofa, ya toshe ƙasanta da buhu, ya kunna fanka don ƙararta ta rufe, sannan ya ɗora allura, sauti ƙasa ƙasa. Duk da haka ni a ɗakinmu ina ji. Gani nake yanzu wani maƙwabci zai kai ƙara, a zo don kiɗa, a tafi da mu don takardu. Wata rana abin ya ishe ni. Na tsaya a tsakar gida na ɗaga murya ina yi wa matata faɗa, alhali kowa ya san da wa nake.

"Wannan ƙaho sai ya kai mu tarhil! Mutum ya tsufa bai san ya tsufa ba, yana wasa da rayuwar yara!"

Kiɗan ya tsaya. Na yi nadama tun kafin in rufe baki. Can sai muryarsa ta fito ta cikin ƙofa, a natse, yana magana da bango.

"Wanda ƙahon kwali ya firgita, ko yaya zai yi ranar da za a busa na gaskiya?"

Kwana tara ban yarda mun haɗa hanya ba. A na goma na ji yana cewa, "Gaya wa mutumin nan gobe akwai haraj." Shi ke nan sulhun.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, yau zan faɗa tunda saboda shi nake wannan rubutu. Tun kafin in samu iƙama, babbar 'yarmu na goye, masu kame suka shigo unguwa da tsakar rana. Na ji ihu daga bakin lungu, na ji ƙarar takalma. Ban san lokacin da na kama katanga ba. Matata na tsaye da jaririya, ban ko kalle su ba. Fasfona na aljihu, mai bizar umra da ta daɗe da mutuwa, na zare shi na jefa cikin kwata don kada a kama ni da shi, na dira bayan gida na yi ta gudu har unguwar Kurayyat. A wani gareji na laɓe sai magariba. Ashe ko lungunmu ba su shigo ba.

Da na dawo Baba na zaune a ƙofar ɗakinsa. Na so ƙasa ta tsage in shige. Bai ɗago kai ba, bai yi tsaki ba. Ya ce wa 'yarsa, "Ba shi ruwa, ya sha rana." Har ya bar duniya bai sake tayar da zancen ba, ko da habaici.

Magana ɗaya ce dai yake maimaitawa a shekarunsa na ƙarshe, musamman in an yi gobara a unguwa, abin da ba ya wuya a Karantina. Sai ya dubi sama ya ce, "In wuta ta tashi a gidan nan, koren akwatin za a fara ɗauka." Na ji wannan ya kai sau goma. Kowane lokaci sai in ce a raina, ji dattijo, jikoki uku a gida amma faifai yake tunani. Da ni yake, a irin hanyar da suruki ke iya magana da suruki. Ni kuwa kunnen ƙashi.

Ranar Alhamis, ranar sadakar uku, tun da sassafe na jawo mota bakin lungu. Matata tana can ɗakin Gwaggo cikin mata masu zaman makoki, kwana biyu ban sa ta a ido ba. Na kwashe akwatunan tas, har da garmahon, na kai haraj. Wani dillali Bayamale ya saye su a dunƙule, abin da ya taya na sallama. Na sayi shinkafa da nama aka yi sadaka. Gwaggo ta sa mini albarka ta bayan labule. Ranar na ji ni wani ne, wai na sauke wa mamaci nauyi, na kuma raba gidana da abin da ya hana ni sakewa shekara ashirin.

Da hantsin Juma'a matata ta shiga ɗakin mahaifinta don ta share. Ina tsakar gida na ji tsintsiya ta faɗi. Ta fito, fuskarta kamar ba jini.

"Baban yara, ina kayan Baba?"

"Na fitar. Gwaggo ce ta ce."

"Har koren?"

"Duka."

Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta sulale ta zauna a ƙasa ta dafe kai da hannu biyu. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ka kashe mu. Takarduna da na yaran nan suna ciki. A jakar faifai na shida suke, ƙarƙashin littafin."

Na ce me ya sa ba wanda ya gaya mini. Ta ɗago ta dube ni. "Sau nawa ya gaya maka?"

Ban san yadda na yi sallar Juma'ar nan ba, Allah ya karɓa kawai. Ina sujada ina ganin autata a bayan motar kame tana kirana da Larabci. Ana sallamewa na ɗauki hanyar haraj. Tunani biyu ke cina. Ko an riga an sayi akwatin, ya tafi gidan wani da ban sani ba. Ko kuwa yana nan, in nuna zalama, Bayamalen ya gane akwai wani abu, ya zazzage ya ga takardu. Takardar haihuwa a kasuwar nan kaya ce mai tsada, akwai masu neman ta don 'ya'yansu. In ya ga dama ya ce bai san zancen ba. Wa zan kai wa ƙara? Da wane baki?

Kasuwa ta cika maƙil. Tun daga nesa na hango shimfiɗarsa. Inda na sauke tulin akwatuna jiya babu komai sai tsofaffin takalma. Na matsa dai. Sai ƙamshin kanumfari ya bugi hancina, kaɗan, a cikin warin gwanjo da ƙura. Ta wutsiyar ido na gan shi, kore, a kwance cikin rana, an ɗora masa ƙafar wata matacciyar fanka.

Wallahi saura ƙiris in faɗa kansa. Abin da ya riƙe ni muryar nan ce da ke magana da gilashin mota. Na kawar da kai. Na durƙusa na ɗauki wata butar shayi.

Bayamalen ya gane ni. "Ya hajji, ka dawo? Akwai sauran kaya?"

Na ce a'a, baƙi ne suka yi yawa a gidan makoki, buta nake nema. Na ƙwanƙwasa gindinta. Na gwada marfin. Na ce marfin ba nata ba ne. Ya rantse nata ne. Na taya, ya ce in ji tsoron Allah. Muka yi ta ja, ban san ma me nake faɗa ba.

Can sai shi da kansa ya ce, "Kai ma ai ka cuce ni jiya. Wani Bature ya zo da yamma, ya zauna nan ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, ya kwashe duka har na'urar. Wannan kaɗai ya jefar, ya ce naƙis ne." Ya janye fankar ya ɗauko koren akwatin. "Dubi, shida aka rubuta."

Ya buɗe. Ya fara zaro su yana ƙirgawa da Larabci a gabana. Wahid. Itnen. Ina kallon butar, amma ina jin kowane faifai kamar daga ƙirjina ake zare shi. Ya kai biyar. Saura littafin. Ya sa ɗan yatsa a gefensa zai ɗaga.

Na ajiye butar. Na ce, "Halas, shi ke nan, riƙe kayanka, butar ma na fasa." Na miƙe na juya masa baya.

Ban taɓa yin abu mai wuya irin wannan ba. Ni da na saba gudu, yau an ce in yi tafiya a hankali, in bar matata da 'ya'yana a hannun wani, kada in waiga. Taku ɗaya, biyu. Wuyana kamar ana murɗa shi ta baya. Ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga bayi. Biyar, shida. Ba kira. Na ce shi ke nan, ya ɗaga littafin, ya gani. Takwas.

"Ta'al, ya hajji! Zo, zo. Kawo abin da ka taya."

Na dawo ina jan ƙafa kamar wanda aka tilasta. Ya riga ya watsa faya-fayan cikin kwalin ya rufe. Na biya kuɗin buta. Sannan na nuna akwatin da ƙafa, yadda na ga ana yi, na ce wannan tarkacen fa, tunda ba mai so, a haɗa mini gyara yara su yi wasa da shi.

"Yalla, ɗauka, ya tare mini wuri."

Ban buɗe a mota ba, ban iya ba. Na sa shi a kujerar baya inda Baba ke zama, na tuƙa kamar mai ɗauke da ƙwai. Sai a hanya na gane abin da dattijon nan ya yi ranar da na ce tsufa ya taɓa shi. Ya nemi akwatin da wanda ya san kaya ba zai saya ba, wanda bai sani ba kuma ba zai buɗe ba.

A ɗakinsa matata ta buɗe, Gwaggo na zaune a bakin gado. Ta ɗaga littafin, ta zaro jakar ta shida. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, duk suna nan a cikin leda, ko lanƙwasa babu. Ta rungume su ta fashe da kukan da ba ta yi ba tun ranar Talata. Gwaggo ta dubi kwalin, ta ce, "To, wannan a bar shi."

Jakar ba ta zama fanko ba. Na ga wani abu ya rage a ciki, na girgiza, ya faɗo a cinyata. Tsohon fasfona ne. Bangon ya kumbura, ruwan kwata ya rina shafukan, amma an shanya su ɗaya bayan ɗaya an danne har sun miƙe. Hotona na nan, saurayi mai zare ido.

Matata ta share hawaye. "Ranar nan da ka tsallake katanga, shi ya sa hannu cikin kwata ya tsamo shi. Ya ce kada in gaya maka, za ka ji kunya. Na ce to a jefar mana, tunda ya mutu. Ya ce a'a, a haɗa da na yara."

Allah ya jiƙan Baba. Allah ya yalwata masa kabarinsa, ya sa yadda ya rufa mini asiri a rufa masa nasa. In akwai laifi a busar da ya saurara, ya Ubangiji ka dubi hannun da ya shiga kwata. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙon ya yi masa fatiha ɗaya, ko da bai san sunansa ba.

Shekara guda ke nan. Koren akwatin na tsaye a kan bulo, an lulluɓe shi da zane, na canza masa kanumfari bayan babbar salla. Arba'in ɗin sun tafi, ban san inda suke ba, kuma ni na sayar da su. Biyar ɗin da suka rage ban taɓa jin abin da ke cikinsu da kunnen natsuwa ba, don na haɗa da na'urar na sayar. Duk Juma'a ina zuwa haraj neman garmaho. Har yanzu ban samu mai kyau ba, amma butoci a gidan sun zama goma sha huɗu.